Usur Ɗin Ubale Bakano

Duk ranar Asabar, tun ɗaliban da ke cunkushe a benayen Wangsa Maju ba su juya a katifa ba, Malam Ubale ya dawo daga masallaci ya ɗora ruwan zafi. Ba na shayi ba ne. Usur ɗinsa yake jefawa a ciki, ya bar shi ya jiƙa, ya tsamo ya yarfe, ya busa a hankali cikin tafin hannu don kada ya tashi maƙwabta. Cewa yake yi usur ɗin da ya kwana da yawun jiya ba ya faɗin gaskiya. Daga nan ya hau babur, ya tsaya wajen mamak, shagon shayin Indiyawa da ke kwanar layinsu, ya ci gurasarsu ta roti da romo a tsaye. In ya isa fili ba kowa sai hankaki. Sai ya tuɓe takalmi ya taka ciyawar da tafin ƙafarsa, daga turakun gola na wannan gefe zuwa na wancan, yana tsince tsakuwa da fasasshiyar kwalba, yana cike ramin da ruwan jiya ya haƙa. Ya ɗaga kai ya karanta sama, don garin nan rana kan yi maka dariya da hantsi, la'asar na yi aradu ta faɗo.

Haka yake yi tun ina da baƙin gashi a ka. Asabar ɗin da ta wuce ya yi ta ƙarshe.

Ni mai ba ku labarin nan wanzami ne a Chow Kit, kuma duk Bahaushen da bai san shagona ba to bai iso Kuala Lumpur ba tukuna. Ban taɓa zama aji ba, a jikin allunan shaguna na koyi haɗa baƙi. Na yi dambe a Gusau, na ratsa Sudan a ƙafa, zazzaɓin sauron garin nan ya kwantar da ni har aka fara cigiyar likkafani, na miƙe na nemi tuwo. Saboda haka yabon maza ba ya yi mini arha a baki. Kaɗan ne suka kai. Ubale ya kai.

Wasan da ya yi wa alƙalanci shi ne zari-ruga, irin na mutum goma sha uku kowane ɓangare. Ga wanda bai taɓa gani ba, ƙwallo ce mai siffar gwanda, rungume ta ake yi a sheƙa, kuma ba a jefa wa ɗan'uwa ita sai ta baya. Ƙarti su tare ka su maka ka da ƙasa. In an kayar da ku sau shida ba ku dire ta bayan layi ba, sai ku miƙa wa abokan karawa. Ranar da na fara gani na ce wannan ai kokawa ce aka ba ta ƙwallo don kada hukuma ta hana.

Karatu ya kawo Ubale daga Kano, a zamanin da tabarma biyu ke ɗauke duk Hausawan garin nan ranar idi. Lokacin akwai wani fili a Setapak, bakin tsohon tafkin kuza, inda ma'aikata 'yan Fiji da 'yan Papua ke haɗuwa su ragargaji juna duk mako. Yau in ka je wurin benaye ne, ko inda turakun suke ba za ka gane ba. Ubale, siriri kamar sillen kara, ya riƙa zuwa yana leƙe ta wayar shinge. Alƙalinsu wani tsoho ne ɗan Fiji, Josefa, gwiwa ta fara cin amanarsa. Ran nan ya yafito yaron ya rataya masa usur a wuya, ya ce, "Kai ba ka da ɗan'uwa a nan, ba ka da a can. Busa abin da ka gani." Josefa ya daɗe da komawa tsibirinsu, mun ma ji ya riga mu gidan gaskiya. Shi kuwa yaron ya yi jarrabawar alƙalanci ya ci, ya ajiye aikin ofis da ya yi wa karatu, ya kama koyar da motsa jiki a wata makaranta, ƙarshen mako yana fili. Usur ɗin nan ya kai shi Bangkok, ya kai shi Manila. A gida Kano har yau wasu danginsa ɗauka suke yi ƙwallon ƙafa yake hurawa.

Na gani da idona wani ƙato ɗan Papua, wuyansa ya yi cinyata, ya dunƙule hannu ya yo kansa yana huci. Ni kaina da na sha karo da maza sai da na gyara tsayuwa. Ubale ko ƙifta ido bai yi ba. Ya bari ya gama, ya ce, "Ka ƙare? To ja mutanenka ku ƙara matsawa baya." Ƙaton ya juya sumui-sumui. Hafiz, ɗan ƙasar nan da ya daɗe yana riƙe masa tuta a gefen fili, ya ba ni labarin wata rana da Ubale ya bi waɗanda aka cinye har inda suke sauya kaya, ya ce musu ƙwallon da aka ci su da ita an jefa ta gaba, shi ne bai gani ba sai daga baya, su yafe masa. Hafiz ya ce tun da yake bai taɓa ganin ƙarti sun rasa wanda za su zaga kamar ranar ba. Ya busa wasa da azumi a bakinsa, leɓe ya bushe ƙamas, bai rage gudu ba. Ya tashi wasa saboda walƙiya alhali manyan baƙi na zaune a rumfa suna harararsa.

Amma duk wannan ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa shi ne maganarsa da Alhaji Maitama.

Maitama Bazazzagi ne, yana da shagon atamfa da mayafai a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Jirgi ɗaya ya kawo su, ɗaki ɗaya suka fara kwana, tukunya ɗaya. Kun san tsakanin Kano da Zazzau. Mutanen nan biyu ba su taɓa gaisawa da hankali ba. In Ubale ya shigo shagona ya tarar da shi, daga bakin ƙofa za ka ji, "Wanzam, yaushe ka fara aske bayi kafin iyayen gijinsu?" Maitama ya ce, "Ka ji ɗan cin gurasa. An turo shi karatu ya ƙare a busa kamar makiyayin agwagi." Ubale ya ce, "Gara ni, kai da aka yaye ka da rake har yau haƙoranka ba su huta ba." Haka za su yi ta yi har in kore su, su tafi su sha shayi a kofi ɗaya. Da matar Maitama, Hajiya Turai, ta haifi ɗansu na fari, Ubale ne ya yi wa jaririn huɗuba a kunne, ni na yi askin suna. Abdulmajid.

Yaron nan a gefen fili ya girma. Ya tashi da ƙirji kamar ƙofar gari, ga gudu kamar an harbo shi. Ga kuma kunya. Duk da a nan aka haife shi, Malayanci ya fi Hausa zama a bakinsa, bai taɓa gaida Ubale a tsaye ba. A gida Kawu yake ce masa, a fili ya ce Sa, kamar yadda 'yan wasan ke kiran alƙali, kuma ko a fili idonsa na kan ciyawa in suna magana. Da yaranmu ɗalibai suka yi yawa suka kafa ƙungiya, Ɓaunan Setapak, shi suka ba kyaftin. Uban kuwa ba wanda bai ji daga bakinsa ba cewa ɗansa ba ya kwanciya a fili. Tun yana ƙarami in ya faɗi cewa yake, "Tashi, namiji ba ya jiran a ɗaga shi."

Wata shekara Ɓauna suka kai wasan ƙarshe, za su kara da 'yan tsibiri, wato 'yan Fiji da Papua. Wani Bature ya taso daga wata ƙungiya a Ostareliya takanas don ya ga Abdulmajid, aka ce in ya gamsu zai tafi da shi gwaji. Ubale ya nemi a ba wani alƙalancin, ya ce yaron ɗansa ne. Kyaftin ɗin 'yan tsibiri ya ce su in ba Ubale ba ba za su fito ba.

Ranar duk wanda ke jin Hausa a garin nan yana bakin filin. Mata sun zo da zoɓo a kula, matan malaman jami'a da ba su san ko ina ƙwallon ke dosa ba suna ta guɗa. Ina tsaye kusa da Maitama, ya sha babbar riga a cikin wannan zafi. An dawo daga hutun rabin lokaci, wasa ya yi nisa, mu ke gaba da ɗan kaɗan, Abdulmajid ya riga ya dire biyu. Sai ya sunkuya zai kama wani ƙato, kansa ya haɗu da gwiwar mutumin. Na san ƙarar nan, na sha jin ta a dandalin dambe. Yaro ya zube. Kafin a ce me, ya miƙe zumbur ya koma layi. Maitama ya daka tsalle: "Ɗana ke nan!"

Ubale ya busa ya tsayar da wasa. A irin wasanninmu ba likita, daga akwatin bandeji sai ƙanƙara. Ya je ya tsaya gaban yaron ya tambaye shi wane fili ne wannan, da wa ake karawa. Ya amsa daidai. Kusa da mu abin ya faru, ina jin komai. Sai Abdulmajid ya ɗago kai ya zuba wa Ubale ido, tsakiyar ido, ya ce, "Ubale, busa mana mu ci gaba. Me kake jira?"

Ubale ya ƙura masa ido. Yaron da ya yi wa huɗuba. Sannan ya kama hannunsa da kansa, ya jawo shi har bakin layi, ya ce da Hafiz, "Wannan ya gama na yau."

Wurin ya kaure. Yaranmu suka yo caa, wannan na "Haba Sa, bole la, zai iya, ƙalau yake!", wancan na rantsuwa da Turanci. Maitama ya tsallake igiya, riga na jan ƙasa.

"Me ya yi maka?"

"Kansa ya taɓu, Maitama. A kai shi asibiti yanzu."

"Ya amsa tambayarka ko bai amsa ba?"

"Ya amsa. Amma sunana ya kira. Ya kalle ni cikin ido."

"To sai me? Bazazzagi ne, wasa ya yi wa Bakano!"

"Wasan nan tsakanina da kai ne. Yaron nan bai taɓa yi ba, kai ma ka sani."

"Ga Bature can zaune, Ubale. Saura kaɗan a tashi. Don girman zumunci."

"Don shi nake yi," in ji Ubale. Ya juya ya busa, wasa ya ci gaba.

Aka cinye mu. Baturen ya karkaɗe wandonsa ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Maitama bai kai yaro asibiti ba, gida ya kai shi. Washegari ya shigo Chow Kit yana shaida wa kowa cewa ga shi can garau ya cinye kwanon tuwo, girman kai ne kawai na mai usur, don an kira sunansa a gaban mutane ya kashe wa yaro gaba. Da yawa suka ɗauka. Abdulmajid kuma bai ƙara taka fili ba, aka ce baƙin ciki ne. Akwai gidajen da aka daina kai wa Ubale katin biki. Akwai yaran da in ya ratso sai su yi ta fito da baki suna kwaikwayon usur.

Duk wannan bai dame shi ba kamar abu ɗaya. Juma'ar da ta biyo suka haɗu a ƙofar masallaci, Ubale ya washe baki zai fara, sai Maitama ya miƙa masa hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ce, "Malam Ubale, barka da Juma'a. Ya iyali? Ya ƙoƙari? Allah ya saka da alheri." Ya wuce. Ina wurin. Na ga an naushi maza a haƙarƙari sun daure, amma fuskar Ubale a ranar ban so na gani ba. Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, gaisuwa cikakkiya, ba ragi. Ubale yakan zauna a kujerata in na gama masa aski ya ƙi tashi, ya ce, "Wanzam, da ma ya zage ni." Na ce ya je ya ba da haƙuri mana a wuce wurin. Ya ce zai iya ba da haƙurin komai, ban da wannan, don in aka maimaita gobe fitar da yaron zai sake yi.

Da aka sa ranar da Ubale zai ajiye usur, Abdulmajid ya zo wurina. Yanzu injiniya ne, da matarsa da 'yarsa. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce yana da maganar da ya kasa gaya wa mahaifinsa, don in ya tsaya gabansa bakinsa mutuwa yake yi. Na ce yaro, ka zo gidan dabara. Alhaji na zuwa aski ranar Alhamis. Wanda aska ke kan wuyansa ba ya gardama, kuma wanda aka sunkuyar wa kai ba ya harara.

Alhamis ta yi. Na jiƙa kan Maitama, na sunkuyar da shi, na ɗora aska a ƙeya. Yaron ya shigo ya tsuguna ta bayan kujera.

"Baba, wasan nan da Kawu ya fitar da ni."

Na ji wuyan ya ƙage a hannuna. Na ce, "Alhaji, kada ka motsa, askar nan sabon washi ce."

"Baba, ni ban san an yi shi ba. Na tuna Umma ta ba ni kunu da safe. Daga nan sai na farka na ga wata safiyar. Ƙwallo biyun da ake cewa na ci, a bakin mutane na ji. Sunan Kawu da aka ce na kira, wallahi ban sani ba. Na yi watanni in na kalli fitila kamar ana soka mini allura, a makaranta nake ɓuya in yi amai. Ba baƙin ciki ya hana ni komawa ba. Tsoro ne. Kuma kana ta gaya wa mutane ɗanka ba ya kwanciya, sai na rasa ta inda zan fara."

Ƙeyar nan na gama ta tuni, amma na ci gaba da bi da aska a inda ba gashi, don in ba dattijo lokaci. Sai na ga ruwa na ɗiga a kan ƙyallen da na yafa masa. Ni ban zuba ruwa a wurin ba. Da na ɗago shi ya sa hula ya fita.

Ranar Asabar aka yi wasan sallama a filin wata makaranta. Ubale ya yi furfura, gudun ma sai a hankali, amma hannun na tashi sama a kaye na biyar, alamar saura ɗaya, kamar da. Da ya busa na tashi, 'yan wasan ɓangaren biyu suka jeru layi biyu suna tafi, kamar yadda suke yi wa wanda suke girmamawa, ya ratsa ta tsakiya. Tsofaffin 'yan Fiji da suka rage a garin sun zo, Hafiz na ta share ido da tutarsa. A ƙarshen layin sai ga babbar riga. Ubale ya ja ya tsaya. Ya gyara murya, ya miƙa hannu biyu, ya shirya karɓar gaisuwar da ya saba.

Maitama ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi hannun, ya ce, "Kai, dubi ƙafafu kamar na zalɓe. Yanzu da wannan gudun aka ce kai ne alƙali? Wallahi Kano ba ta yi sa'ar bayi ba."

Ubale ya sauke hannunsa. Da ƙyar ya haɗa, "Wa ya kwance wannan daga gonar rake?"

Sai suka rungume juna, tsofaffi biyu, a tsakiyar ƙarti masu zufa da ba su ji ko kalma ɗaya ba amma suka ƙara ƙarfin tafi.

Ubale, kai ne turken tsakar fili, ana ja ta gabas ana ja ta yamma kana nan inda aka kafa ka. Kai ne ka san ɗan amininka har ka gane ranar da ba shi ne ke magana da bakinsa ba. Aka ba ka zaɓi tsakanin abokin da kuka ci a tukunya ɗaya da kan yaron da ka yi wa huɗuba, ka zaɓi kan yaron, ka biya da abin da ya fi maka zafi, ba ka taɓa kai ƙara wurin kowa ba sai kujerar wanzami. Ba a buga hotonka a jarida ba, filin da ka fara ma an binne shi da siminti. To ni na rubuta, kuma ni ba na rubuta ƙarya, don ban yi karatun da zan iya ta ba. Mun gode. Iyayen yaran da suka koma gida da ƙafafunsu sun gode, har waɗanda ba su san suna da abin godewa ba. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma samarin Wangsa Maju, kowa so yake ya rungumi ƙwallo a tafa masa, ba mai son usur. A samu wanda zai je ya karɓa tun mai shi na da ƙarfin koyarwa. Ba duka za ku yi alƙalanci ba, na sani, amma kowa akwai ranar da za a ce masa don girman zumunci kau da kai. Ranar ku tuna da mutumin nan. In kun gan shi wajen mamak da safe, ku durƙusa ku gaishe shi yadda ya kamata. Sai fa in kai Bazazzagi ne. Kai kam zage shi, ya daɗe yana kewa.